Koyar da Insha'in Labari a Makarantun Firamare: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Insha'in labari shi ne ɗalibi ya rubuta abin da ya auku a gabansa, kamar gobara a kasuwa ko ɓatan akuya, cikin sakin layi ɗaya ko biyu, yana faɗin wanda abin ya shafa, da wuri, da lokaci, da yadda aka ƙare. Wannan maƙala za ta bi tarihin koyar da shi a ƙasar Hausa, domin nuna cewa ƙarfinsa ya dogara ne ga harshen da aka bar yaro ya yi rubutu da shi.

2.0 Zamanin Mulkin Mallaka

A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka koyar da karatu da rubutun boko cikin Hausa. Babbar buƙatar hukuma a lokacin ita ce samun malaman da za su yi wa sarakuna da hakimai aiki. Malamin hakimi kuwa, ban da lissafin haraji, shi ke rubuta rahoton sata ko rikicin gona. Saboda haka iya tsara aukuwa daki-daki ya zama sana'ar da ɗan elementare zai ci abinci da ita.

Matsalar farko ita ce rashin abin koyi. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Gasar wannan shekara ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fara fitowa a 1937. Gajerun labaranta sun nuna wa ɗalibi yadda ake ƙulla aukuwa da warware ta. Daɗin daɗawa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, tana buga wasiƙun masu karatu, sai wanda ya iya rubutu ya ga cewa labarin garinsu ma abin bugawa ne.

3.0 Bayan Samun 'Yanci

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yawan ƙwararrun malamai. Insha'i kuwa darasi ne da sai malami ya duba littafin kowane yaro ya gyara. Da aji ya cika, sai malamai da yawa suka koma rubuta insha'i a kan allo yara su kwafa su haddace. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli, amma aiwatarwar ta yi rauni, duk da cewa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna amfanin koyar da yara da Yarabanci shekara shida. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk ajin firamare, amma a Nuwamba 2025 ta sanar da janye wannan mataki, ta koma ga Ingilishi.

4.0 Kammalawa

Abin da tarihin ya nuna shi ne, yaro yakan tsara aukuwa da kyau idan ya fara faɗinta da baki, cikin harshen da ya gan ta ta faru, kafin ya ɗauki alƙalami. Wanda aka sa shi kwafa daga allo, ko da ya ci jarrabawa, ranar da aka ce ya rubuta shaidar abin da ya gani da idonsa sai ya nemi mai rubuta masa.