Harsashi a Matsayin Ma'aunin Ƙasa

Sojoji ne suka fara tambayar: wane irin kauri ganuwa za ta yi kafin ta tare harsashin igwa? A 1742 Benjamin Robins na Ingila ya nuna cewa idan gudun harsashi ya ninka biyu, zurfin da zai nutse kan ninka huɗu. Leonhard Euler ya mayar da littafinsa Jamusanci a 1745, ya ƙara masa lissafi.

Faransawa suka kai batun fili. A garin Metz, a 1834 da 1835, hafsoshin igwa sun yi ta ruwan wuta kan tulin ƙasa da bangon dutse da katako, suna auna kowane rami. Jean-Victor Poncelet, injiniyan sojan da ya yi zaman fursuna a Saratov bayan yaƙin Napoleon a Rasha, ya raba turjiyar ƙasa gida biyu. Akwai ƙarfin ƙasar kanta, akwai kuma wahalar ture ƙwayoyinta daga hanya, wadda ke hauhawa da gudu. Har yau injiniyoyi na aiki da lissafinsa, kuma ya cancanci hakan.

Sai bayan 1960 aka juya tambayar. A cibiyar Sandia da ke New Mexico a Amurka, an riƙa sako dogayen ƙarafa masu tsini daga jirgin sama, da na'ura a cikinsu mai rubuta yadda gudu ke raguwa. Laka kan bar ƙarfen ya zarce, tsakuwa ta taka masa birki nan take, don haka rubutun na'urar kan fallasa abin da ke jere a ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba. A 1967 C. W. Young ya fitar da ƙa'idojin da ke ba kowace irin ƙasa lambarta. Amfanin a fili yake: wurin da mutum ba zai iya takawa ba, kamar ƙasan teku, ana iya auna shi daga nesa.

A sararin samaniya an sha asara. Kumbon Rasha Mars 96 ya faɗo da nasa ƙarafan biyu a Nuwamban 1996. Biyun da NASA ta jefa wa Mars ranar 3 ga Disamba 1999 ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Japan ce ta ci riba. A Afrilun 2019 kumbon Hayabusa2 ya harba jan ƙarfe mai kilo 2, da gudun kusan kilomita 2 a daƙiƙa, kan dutsen samaniya Ryugu. Ramin ya haura mita 10 a faɗi, abin da ya nuna cewa saman Ryugu sako-sako ne kamar busasshen yashi. Kumbon ya sauka kusa da ramin a Yuli, ya ɗebi ƙasa, aka karɓe ta a Ostireliya a Disamban 2020.