Wa ke rike da mabudin rumbun manhaja?

Yawancin manhajojin da ke cikin wayoyi da kwamfutoci ba mutum daya ne ke rubuta su ba. Jama'a ne daga kasashe daban daban ke aiki tare, suna ajiye rubutun umarnin a rumbu guda a intanet.

Mafi shahara cikin irin wadannan rumbuna shi ne GitHub, wanda aka bude a shekara ta 2008, kuma kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5.

An gina shi ne bisa tsarin Git, wanda Linus Torvalds ya kirkiro a 2005 domin adana tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi.

Masu bincike 'yan arewacin Najeriya ma na amfani da shi. A can ne kungiyar HausaNLP ta ajiye NaijaSenti, tarin sakonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Igbo da Pidgin da aka fitar a 2022, karkashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano.

Matakan izini

Rumbun da aka bude wa jama'a, kowa na iya karanta abin da ke ciki, amma ba kowa ke iya sauya shi ba.

A rumbun kungiya, GitHub ya kasa izini gida biyar, tun daga mai karatu kawai har zuwa shugaban da ke da ikon kara mutane, ko cire su, ko share rumbun baki daya.

Wanda ba shi da izinin rubutu sai ya mika bukatar a karbi gyaransa. Masu bita su duba shi layi-layi, su rubuta sharhi a daidai inda suka ga kuskure.

Mai bita na iya amincewa, ko ya nemi a sake aiki. Shugaban rumbu kuma na iya gindaya sharadin cewa babu gyaran da zai shiga sai an amince da shi, an kuma warware dukkan sharhin da aka yi.

Darasin xz

Sai dai wadannan matakai ba sa hana barna idan aka damka mabudi ga wanda bai cancanta ba.

Misali shi ne xz, wata manhajar matse bayanai da ke cikin dimbin kwamfutoci masu aiki da Linux, wadda Lasse Collin ya dade yana kula da ita kusan shi kadai.

Tun daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya rika aiko da gyare-gyare masu kyau, yayin da wasu ke matsa wa Collin lamba kan jinkirin aiki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu izinin rubutu.

A farkon 2024 ya cusa wata barauniyar kofa da za ta bai wa masu kutse damar shiga kwamfutoci daga nesa.

Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ne ya bankado ta a watan Maris na shekarar, bayan ya lura cewa shiga wata kwamfuta ya kara jinkirin kimanin rabin dakika.

Shi ya sa masana tsaro ke ba da shawarar a bai wa kowa izini gwargwadon aikinsa kawai, a karbe shi idan ya bar aikin, kuma kada gyaran kowa, ko da na shugaba ne, ya wuce ba tare da wani ya duba shi ba.