Daga Hannun Ungozoma zuwa Asibitin Shika: Tarihin Kula da Lafiyar Nonon 'Yan Mata a Basawa

Basawa na cikin garuruwan ƙasar Zazzau da suka rayu a kan noma da kiwo tun kafin hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya, kuma ko da yake a yau gine-ginen Samaru da na Sabon Gari sun kusa haɗe ta, har ta zama gunduma mai barikin soja da cibiyoyin bincike da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, da yawa daga cikin abin da mata ke faɗa wa 'ya'yansu game da jikinsu ya samo tushe ne daga wancan zamani. Tarihin yadda aka kula da nonon budurwa a wannan yanki ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda, wato wane ne ke da hurumin duba jikin yarinya idan ya fara canzawa, kuma amsar ta sauya fiye da sau ɗaya a cikin shekara ɗari.

A gidan Bahaushe na da, ana kiran farkon fitowar nono kirgen dangi, wato lokacin da ɗan ƙululu mai tauri da ɗan zafi ya bayyana ƙarƙashin kan nono, sau da yawa a ɓangare ɗaya kafin ɗayan ya biyo baya. Ba a ɗauki wannan a matsayin cuta ba. Alama ce cewa yarinya ta kama hanyar balaga, don haka sai a fara ɗaura mata zane a ƙirji, a ƙara sa ido a kan tallarta da zuwanta dandali, uwa kuma ta himmatu wajen tara kwanoni da sauran kayan ɗaki. Saboda kunyar da ke tsakanin uwa da 'yarta, musamman 'yar fari wadda ko sunanta uwar ba ta kamawa, bayanin jiki ya zama aikin kaka da goggo da yayye da kuma matar da ta riƙe yarinyar. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950 aka kuma buga a 1954, ya nuna irin wannan rayuwa, inda riƙon 'ya'yan dangi ya zama ruwan dare, 'yan mata kuma kan shiga ɗakin miji tun suna da shekara 13 ko 14. Ke nan tazarar da ke tsakanin kirgen dangi da aure gajeriya ce ƙwarai, kuma yarinya na cinye ta ne a tsakiyar manyan mata da suka ga irin wannan canji sau da dama.

Wannan ne ya sa ilimin gargajiya game da nono ya fi karkata ga shayarwa. Ungozoma, wadda ke yanke cibi da kula da mai jego, ita ce ke gasa nono da ruwan zafi a lokacin wankan jego, ita ce kuma ke hukunta ko ruwan nonon mace mai kyau ne, har a wasu gidaje a matse dakashi, wato ruwan nono na farko mai kauri, a zubar, abin da likitanci ya tabbatar daga baya cewa asara ce ga jariri. Idan nono ya kumbura ko ya tara ruwa, sai a kira wanzami ya yi tsaga ko ya sa ƙaho, a nemi saiwa da sassaƙe wajen 'yar mai ganye, a karɓo rubutu da tofi wajen malam. Cutar da aka fi tsoro ita ce daji, sunan da ya haɗa kumburi mai yaɗuwa da mikin da ya ƙi warkewa, wanda akan danganta shi da iska ko sammu, kuma daga nan ne aka gaji imanin cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe.

Maganin asibiti ya shigo yankin ne ta ƙofofi da dama. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, sannan mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, inda asibitin St. Luke ya bunƙasa. Isowar jirgin ƙasa a wajejen 1911 ta haifar da Sabon Gari, mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, inda kantunan sayar da magani da masu yin allura suka yawaita, yayin da tashar binciken aikin gona da aka kafa a Samaru a 1922 ta jawo ma'aikata masu ilimin boko zuwa maƙwabtan Basawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, tsangayarta ta koyar da likitanci ta biyo baya a 1967, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne, kuma asibitin Tudun Wada ya zama wurin koyarwa har zuwa 2005 da aka tare a Shika.

Duk da haka, asibitin wancan lokaci ya fi haɗuwa da 'yan mata matasa ne a ɗakin haihuwa. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa a 1985 a kan haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya ya nuna haɗarin da ke fuskantar ƙananan mata masu ciki, waɗanda wasunsu ba su gama girma ba, kamar yadda aikin Eldryd Parry da abokansa a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da yawan gashi da wankan ruwan zafi. Masu ciwon nono kuwa sukan iso ne bayan an gaji da na gida, ƙari ya fashe, kaluluwa ta cika hammata, sai aikin tiyata ya kasa ceto, dangi kuma su koma gida da tabbacin cewa ƙarfen likita ne ya fusata cutar. Ta haka jinkiri ya riƙa ƙarfafa imanin da ya haifar da shi.

Babban sauyi ga budurwa ya zo ne daga makaranta. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 da yaɗuwar makarantun sakandare da na Islamiyya a Samaru, Sabon Gari da Basawa sun ɗaga shekarun aure a gidaje da yawa, har tazarar da a da ba ta wuce shekara biyu ko uku ba ta kai shekara goma ko fiye ga wadda ta shiga jami'a. A cikin waɗannan shekaru yarinya na iya kasancewa a makarantar kwana ko a gidan haya da babu kaka babu goggo, alhali kunyar uwa tana nan ba ta gushe ba. Sababbin abubuwa kuma sun shigo: rigar nono mai matsewa da ke tara gumi a lokacin bazara, man bilicin mai ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya bar mata zane, da haɗe-haɗen gyaran nono da masu kayan mata ke tallatawa a kasuwa da wayar salula.

Abin da likitanci ya tabbatar game da wannan shekaru a sarari yake. Nono kan fara fitowa tsakanin shekara 8 da 13, haila ta biyo baya da kimanin shekara biyu, bisa matakan da Marshall da Tanner suka tsara a Ingila a 1969, kuma ba abin mamaki ba ne ɗaya ya fi ɗaya girma. Nankarwa, wato zanen da ke fitowa idan fata ta miƙe da sauri, da duhun kewayen kan nono da 'yan ƙananan tsiron da ke kansa, da nauyi ko zafi gab da haila, duk ɗabi'ar girma ce. Ƙaiƙayi da ja ko saɓar fata galibi daga ƙurajen zafi ne ko kirci ko ƙyasbi ko sabulu da man shafawa. Ƙululun da aka fi samu ga matashiya shi ne wanda likitoci ke kira fibroadenoma, ƙari ne mai santsi da ke zillewa ƙarƙashin yatsa, ba ya yaɗuwa, ana kuma gane shi da hoton sikanin, domin hoton mamogiram bai cika amfani ga nono mai ƙuruciya ba. Sankarar nono kafin shekara 20 abu ne da ba kasafai ake gani ba a ko'ina a duniya. Amma ƙululun da ke girma da sauri, jini daga kan nono, kumburi mai zazzaɓi, fatar da ta lotsa ko mikin da ya ƙi warkewa, duk suna bukatar idon likita, kuma tsaga ƙululun kirgen dangi na iya hana nonon girma har abada.

Gangamin wayar da kai game da sankarar nono, wanda ƙungiyoyi irin su BRECAN da aka kafa a Ibadan a 1997 suka fara, wanda kuma ke cika rediyo da makarantu a kowane watan Oktoba, yana da hujja mai ƙarfi, domin ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu sankarar nono sama da 32,000 a Nijeriya, akasarinsu kuma kan isa asibiti bayan cutar ta yi nisa. Sai dai saƙon ya fi saurin isa ga ɗalibai masu karatu da waya, waɗanda haɗarinsu ya fi na kowa ƙanƙanta, yayin da iyayensu mata masu shekara 40 zuwa 50, waɗanda cutar ta fi kamawa, ke ci gaba da ɓoye ƙari ƙarƙashin hijabi. Shika, inda akwai sashen gashin kansa, ba ta da nisa da Basawa, don haka ragowar tazarar ta magana ce a cikin gida. Aikin da kaka da goggo suka yi a da na kwantar da hankalin yarinya ya rage ga uwa da malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwa, kuma ɗalibar da aka koya wa bambanta canjin girma da alamar cuta ita ce mafi kusa da iya shawo kan mahaifiyarta ta je a duba ta da wuri.