Daga Wurin Tasawa zuwa Kuɗin Sefa: Yadda Aka Fara Duba Kuskuren Bugu

A zamanin wuri, kuskuren da ake tsoro na ƙirga ne kawai. Da matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a Janairun 1851, ya tarar ana ƙirga wuri dubu ɗari biyar da hannu, biyar-biyar.

Duba fuskar kuɗi ya zo ne da liyari, azurfar nan mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya da fatake ke ƙetarowa da ita hamada. Wanda ya tara su zai ga kusan duka 1780 ce a jikinsu, ya zaci an yi kure. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, aka ci gaba da bugawa haka da gangan, domin ita kasuwa ta yarda da ita.

An kafa sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Kuɗin ƙarfen da bankin BCEAO ke fitarwa gidan buga kuɗi na Faransa ya daɗe yana bugawa, tun 1973 a masana'antarsa ta Pessac. A nan ma ana ruɗewa. Jikinsu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin alamomi da ake ɗauka tabo ne: ƙaho mai zubo albarka tambarin gidan ne, ɗayar kuwa ta babban mai zane ce, tana sauyawa in an sauya shi. Mujiya ce daga 1958, kifin dolfin daga 1974, kudan zuma daga 1994, kafin shi ma a sauya shi.

Kuskure na gaskiya daban ne: bugu ya kauce gefe, ko rubutu ya ninku, ko hatimi ya tsage ya bar siririn zare mai tudu. Tudun nan ya kamata a lura da shi, don yawo hannu zuwa hannu cinye ƙarfe yake yi, ba ya ƙara masa komai. A Ingila, wasu kuɗin ƙarfe na peni 20 sun fita a 2008 babu shekara, masu tara kuɗi suka yi ta rububinsu.

Abin da ke damuna, a kasuwar Korgom da makwabtanta ido ya ƙware ne wajen ƙi. Dala ashirin da ta goge sai a turo maka abarka, dala hamsin ta 1992 ma wasu ba sa karɓa, alhali banki bai soke ta ba. Mai kuskuren bugu ma da wuya ta tsira, jabu za a kira ta.