Imam a Bakin Imam: Yadda Aka Karɓi Tarihin Rayuwar Marubucin Magana Jari Ce

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya a 1981. Bayan shekara takwas, a 1989, kamfanin ɗab'i na NNPC ya fitar da The Abubakar Imam Memoirs, tarihin rayuwarsa daga bakinsa da takardunsa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tattara ya tsara. Da wuya a sami marubucin Hausa na ƙarni na 20 da ya kai Imam yawan masu karatu, don haka da an zaci littafin zai zama abin hira a makarantu da zauruka. Hakan bai faru ba. Wannan maƙala tana ganin an karɓe shi karɓa iri biyu, kuma kowace ta tauye shi. Masu karatu na yau da kullum yawancinsu bai kai gare su ba, domin da Turanci ya fito. Manazarta kuwa sun riƙe shi da muhimmanci, amma sun fi mayar da shi mai ba da shaida a wata shari'a da suke yi kan asalin labaran Magana Jari Ce, suka ɗauki abin da ya shafi shari'ar suka bar saura.

Sai a fara da mai karatu. Wanda ya yi firamare ko sakandare a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, tun ƙasar tana cikin lardin Sakkwato har zuwa bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ya san aku waziri, ya san Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa na cikin Magana Jari Ce, ya san Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ya kuma san wani Imam, amma na cikin Ruwan Bagaja ne: Alhaji Imam mai ba da labari da bakinsa, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta gwabzawa da Zurƙe gari bayan gari. Masanin adabin nan na Faransa, Philippe Lejeune, ya nuna a 1975 cewa abin da ke sa a karanta littafi a matsayin tarihin kai shi ne sunan marubuci da na mai ba da labari da na jarumi su zama ɗaya, domin wannan kamar alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu cewa gaskiya za a faɗa. Imam ya yi wasa da wannan alkawari tun yana ɗan shekara 22, yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, lokacin da ya aika da labarinsa gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ya ba jarumin ƙagaggen labari sunansa. Ba wanda ya ɗauka da gaske marubucin ya shiga ƙasar aljanu, amma muryar ta zauna a kunnen jama'a: mai wayo, mai barkwanci, wanda ba a kayar da shi a magana. Wannan ne Imam ɗin da Bahaushe ya saba da shi.

Wanda ke magana a littafin 1989 wani mutum ne daban. Ɗan malamai ne da aka haifa a Kagara a 1911, ƙanen Malam Bello Kagara mai Ganɗoki. Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ne tun fitowarta a Janairun 1939. Yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka je Ingila a 1943 tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya kai masa koken mutanen Arewa game da yadda mulkin En'e ke tafiya. Daga nan sai siyasa, sai majalisa, sai shugabancin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ƙagaggun labaran da suka sa sunansa ya shiga kowane gida sun ɗauki ƙaramin wuri a wannan doguwar rayuwa, kuma shi ma haka ya ɗauke su. A ganina wannan shi ne babban abin da littafin ke faɗa game da adabin Hausa, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa. Mutumin da ake kira uban ƙagaggen labarin Hausa ya fi kallon kansa a matsayin malami kuma ɗan jarida mai yi wa jama'arsa hidima, rubutun labari kuwa aiki ne da aka ba shi ya yi, ya kuma yi shi da kyau.

Manazarta sun zo wa littafin da tambayarsu a hannu. An san cewa a 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya yi kimanin wata shida yana aikin Magana Jari Ce, East kuma ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Turai da na Larabawa don ya yi amfani da su. Imam bai ɓoye wannan ba. A hirarsa da Nicholas Pweddon, wanda ya yi digirinsa na uku kan Ruwan Bagaja a Amurka, ya yi bayanin abubuwan da East ya koya masa: kada a bar mugu ya ci nasara a ƙarshen labari, kuma mai fassara kada ya zama bawan kalmomi, ya fahimci abin da aka faɗa ya sake faɗarsa da daɗin harshensa. Ya kuma ambaci Maƙamatul Hariri, da yadda Abu Zaidi da Harisu suka ba shi tunanin mutum biyu masu yi wa juna dabara. Waɗannan maganganu sun zama makamai a muhawarar da ta ɓarke a shekarun 1990 kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano. Masu suka suna cewa matasan marubuta kwaikwayon finafinan Indiya suke yi, ba su kama ƙafar su Imam ba. Abdalla Uba Adamu ya amsa da cewa ai Imam ma daga waje ya ɗebo, ya Hausantar, kuma ana kiran wannan salo Imamanci. Malumfashi shi kansa ya bi diddigin tushen labaran a littafinsa Adabin Abubakar Imam.

Wannan bincike ya yi amfani ƙwarai. Yanzu ɗalibi ya san tsarin aku mai hana yaro fita ta hanyar ba shi labari yana da asali a adabin Indiya da Farisa, ya san Kalala da Kalalatu 'yan uwan wata kuku ne a tatsuniyoyin da 'yan uwan nan Grimm suka tattara a Jamus, wadda ta cinye kaji biyu ta haɗa maigida da baƙonsa gudu. Inda nake da ja shi ne yadda aka ɗauki maganar Imam kamar ikirarin mai laifi, ko kuwa kamar hujjar wanke wasu. Mutumin da ya tashi a gidan malamai, inda ɗalibi ke alfahari da ambaton wanda ya karantar da shi da littafin da ya sauke a gabansa, in ya ce daga Hariri na koya, East ya nuna mini kaza, isnadinsa yake kawowa. Wanda ya karanta wannan a matsayin tona asirin kai ya ɗora wa Imam ma'aunin da ba nasa ba. Wanda kuma ya ce tunda Imam ya ara kowa ma ya ara, ya manta cewa abin da ya sa ake karanta Kalala har yau ba kajin ba ne. Hausar ce, da yadda aka mayar da kukun Bature matar gida mai jin haushin miji mai kwashe-kwashen baƙi, abin da kowane Bahaushe ya gane nan take.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: muryar wa muke ji? Littafin ya fito bayan mai shi ya bar duniya, ta hannun edita, cikin harshen da ba a san gwanintar Imam da shi ba. Mora ne ya zaɓi abin da ya shiga da yadda aka jera shi. Wannan ba zargi ba ne, domin ba don shi ba da wataƙila takardun sun watse. Amma tsohuwar al'ada ce a tarihin kai na Hausawa. Labarin Dorugu ta hannun J. F. Schön ya fito a Magana Hausa a 1885. Labarin Baba ta Karo ta hannun Mary Smith ya fito da Turanci a 1954. My Life na Sardauna Ahmadu Bello ya fito da Turanci a 1962. Sau da yawa idan Bahaushe zai ba da labarin kansa a rubuce, akwai wani a tsakani, kuma harshen baƙo ake fara sa masa. Kunya ma tana da hannu a ciki. Yabon kai jahilci ne, in ji masu iya magana, kuma mutumin kirki ba ya tallar cikin gidansa. Saboda haka mai neman Imam ya buɗe masa zuciyarsa irin yadda Wole Soyinka ya yi da ƙuruciyarsa a Aké zai ga kamar an rufe masa ƙofa, alhali ma'aunin ladabin da marubucin ya bi ne ya bambanta.

Mutanen Gummi suna da misali na kusa da zai haska wannan batu. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin kuma ɗan alƙalinsa, ya bar tarihin rayuwarsa mai suna Where I Stand, wanda ya yi tare da Ismaila Tsiga na Jami'ar Bayero, aka buga a Ibadan a 1992, shekarar da ya rasu. Shi ma da Turanci ne, shi ma ta hannun wani. A ciki ya ba da labarin zamansa na koyarwa a Maru, lokacin da Malam Aminu Kano ma yake can, da saɓanin da ya shiga kan yadda mutane ke yin taimama alhali ga ruwa. Wannan littafi ya sami abin da na Imam bai samu ba. An fassara shi zuwa Hausa da sunan Manufata, kuma akwai jama'a da ke jiransa: masu bin tafarkinsa suna neman hujja, 'yan ɗariƙa suna da nasu ƙorafin kan yadda ya siffanta su, masu tarihi irin su Roman Loimeier suna auna maganarsa da wasu majiyoyi. Haka aka yi da There Was a Country na Chinua Achebe a 2012, inda abin da ya ce game da Awolowo da yaƙin basasa da juyin mulkin Janairun 1966 ya ta da ƙura a Kudu da Arewa, kowa ya karanta daga inda yake tsaye. Irin wannan karatu yana da son rai a ciki, amma yana nuna littafin ya isa hannun mutanen da abin ya shafa. Na Imam ya tsaya a ɗakunan karatu na jami'o'i da ƙasan shafukan kundayen digiri.

Abin baƙin ciki a nan shi ne jama'ar da Imam ya yi wa aiki su ne aka bari a waje. Mutumin da ya kwashe sama da shekara goma yana rubuta wa malamin firamare da magatakardan alƙali da ɗan kasuwa sharhi a Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana buga wasiƙunsu yana amsa musu, yana sassaƙa Hausar jarida da muke amfani da ita har yau, labarin rayuwarsa bai zo musu da harshen da ya koya musu karantawa ba. Da ya zo, ina kyautata zaton tambayoyin da za su yi sun bambanta da na manazarta. Dattijon da ya ga zamanin En'e a Anka zai so ya ji me Imam ya faɗa wa Lugga game da sarakuna da 'yan boko, da yadda ma'aikacin jaridar da gwamnatin mulkin mallaka ke ɗaukar nauyinta ya iya sukar tsarin da ke biyansa albashi, da inda ya yi shiru. A nan ne ake buƙatar nazari mai tsanani, domin tarihin kai na mutumin da ya yi aiki da Turawa da sarakuna da 'yan siyasa ba zai rasa wuraren da aka sassauta ba. Hanyar gano su ita ce a ajiye littafin gefe da gefe da tsofaffin fitowar Gaskiya, da Tafiya Mabuɗin Ilmi wanda ya rubuta da Hausa tun tafiyar tana sabuwa, a ga abin da matashin edita ya faɗa a lokacin da abin da dattijo ya tuna daga baya.

Aiki biyu ke gaban sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru. Na farko shi ne wannan kwatance, tare da rarrabe abin da ya fito daga alƙalamin Imam da abin da edita ya haɗa. Na biyu shi ne fassara ta Hausa mai araha, wadda mai sayar da littattafai zai iya shimfiɗawa a kasuwar Gummi kusa da Magana Jari Ce. Mai fassarar zai sha wuya, domin zai mayar da Imam cikin harshen da kowa ya san yadda Imam ke magana da shi, kuma masu karatu za su gane duk jimlar da ba ta yi kama da tasa ba.