Zane a Bango: Tarihin Ƙirgen Kwanakin Kirsimeti, daga Turai zuwa Ƙasar Damagaram

Hausawa na cewa sallar da za ta yi kyau tun daga jajibere ake gane ta. Wannan magana ta nuna cewa biki ba a ranarsa yake farawa ba: yana da kwanaki na shiri da na ɗoki, kuma sau da yawa waɗannan kwanakin ne yaro ya fi riƙewa a zuciyarsa idan ya girma. A nan za mu bi sawun wata al'ada ta gidajen Kirista, wato ƙirga kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti, bikin da ƴan lakwal suka fi sani da Nowel. Yau an fi ganin al'adar a siffar kwali mai ƙananan ƙofofi 24, kowace ƙofa da ɗan shokola a bayanta, har mutum ya ɗauka kayan kanti ce ta masu hali. Alhali kuwa tarihinta ya nuna cewa a ɗakin talaka aka haife ta, da alli da tsinken ciyawa, kayan da babu gidan da ya rasa su tsakanin Matamaye da Kance.

Asalin makonnin jira

Shaida mafi tsufa da ta nuna ana bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum, kuma tana komawa zuwa shekarar 336. Da ranar ta tsaya, sai aka ga ya kamata a yi mata shimfiɗa. A ƙasar da ake kira Faransa yanzu, bishop Perpetuus na birnin Tur, a ƙarshen ƙarni na 5, ya tsara azumi daga ranar 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. Taron shugabannin majami'a da aka yi a Makon a 581 ya ƙarfafa wannan tsari, ya ware Litinin da Laraba da Juma'a su zama ranakun azumin. A Rum kuwa an taƙaita lokacin ya koma Lahadi huɗu, wannan ne kuma ya ɗore har yau a majami'un Yamma. Da Latin ana kiran lokacin adbentus, ma'ana zuwa, kuma daga nan ne Faransanci ya samo kalmar Avent.

Tun da da ranar Lahadi lokacin yake farawa, farkonsa yana motsi tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, tsawonsa kuma tsakanin kwana 22 da kwana 28. Babba yana iya riƙe wannan lissafi a ka. Yaro ɗan shekara biyar kuwa bai san mako ba, bai san wata ba. Abin da ya sani shi ne tambayar da yake yi wa uwarsa kowace safiya: saura kwana nawa? Domin amsa wannan tambaya ne aka ƙirƙiro duk dabarun da za mu ambata.

Alli, ciyawa da kyandir

A ƙarni na 19, a gidajen Furotesta na Jamus, iyaye sukan ja zane 24 da alli a jikin ƙofa ko bango, kullum yaro ya goge ɗaya. A gidajen Katolika kuma akan ajiye ɗan komin dabbobi na katako babu kome a ciki, kowace rana yaro ya saka tsinken ciyawa ɗaya, musamman idan ya yi wani aikin kirki, domin ranar biki a sami shimfiɗa mai laushi ta kwantar da siffar jariri. Shi kansa kwaikwayon wurin haihuwar ya girmi wannan, domin ana danganta yaɗuwarsa da Faransisko na Asisi, wanda ya shirya shi da komi da ciyawa da sa da jaki masu rai a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223.

A 1839, a birnin Hambag, wani malamin addini mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ke riƙe da gidan renon yara marasa galihu da ake kira Rauhes Haus, ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ya jera mata kyandir: manya farare huɗu domin ranakun Lahadi, ƙanana ja domin sauran ranaku. Kullum a kunna ɗaya, haske ya yi ta ƙaruwa har daren biki. Daga wannan ƙafar amalanke ce zoben ganye mai kyandir huɗu ya samo asali, wanda ake gani yau a majami'u da dama.

Shigowar ɗab'i ce ta mayar da abin haja. Gerhard Lang, ɗan wani fasto, ya buga kalandar ƙirge a birnin Miyunik a farkon ƙarni na 20. An ruwaito cewa tun yana yaro mahaifiyarsa takan ɗinke ƴan biskit 24 a jikin kwali, ya riƙa cire ɗaya kowace rana. A shekarun 1920 aka fara yi wa kalandar ƙananan ƙofofi. Ƙarancin takarda a lokacin yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da sana'ar, sai a 1946 Richard Sellmer ya farfaɗo da ita a Situtgat, sojojin Amurka da ke Jamus suka taimaka wajen kai ta ƙasarsu. Mai shokola kuwa sai a ƙarshen shekarun 1950 ta fito. Ke nan kwalin kanti shi ne auta. Zanen alli ya girme shi nesa ba kusa ba.

Hanyoyi biyu da Kirsimeti ta shigo

A ƙasarmu addinin Kirista ya shigo ta ƙofa biyu, kowace da nata salon shiri. Ƙofa ta farko ita ce ta mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasha a Zindar a 1924, sannan a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928, daga baya ta gina asibitin Galmi a 1950. Daga aikinta ne majami'ar EERN ta fito a farkon shekarun samun mulkin kai. Ƴan wannan mishan masu bishara ne, kuma da Hausa suka yi aikinsu, suna dogaro da cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, wadda Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya ba da babbar gudummawa wajen yin ta. Ba su ba kalandar ibada ta tsoffin majami'u muhimmanci irin na Katolika ba. Saboda haka a gidajen da suka fito daga wannan reshe, shirin Kirsimeti ya fi karkata ga karatu da hadda da waƙa: yara su haddace ayoyi daga Luka da Matiyu, matasa su shirya wasan kwaikwayo na makiyaya da masana taurari daga gabas, Zumuntar Mata ta yi ta bitar waƙoƙi tana shirya anko. Ranakun bita su ne ƙirgensu.

Ƙofa ta biyu ta Katolika ce. An buɗe mishan ta farko a Yamai a 1931, ta Zindar ta biyo baya cikin shekarun da suka gabaci mulkin kai, kuma tun 2001 jihar Damagaram tana ƙarƙashin diyosis na Maraɗi, tare da Tawa da Agadas da Difa. Mabiyanta da yawa a farko ma'aikata ne da ƴan kasuwa da suka zo daga Dahome da Togo da Haute-Volta, da Faransanci a bakinsu. Su ne suka riƙe Lahadi huɗu na jira, da kyandir, da kwaikwayon komin haihuwa. A Burkina Faso al'adar ta yi saiwa sosai, har yaran Wagadugu sukan gina ƴan ɗakunan haihuwa da laka da ƙananan tubala a ƙofar gida, su yi musu fenti, unguwa ta zagayo kallo. Wannan misali ne na yadda abin da ya zo daga Turai ya sami hannun ƴan ƙasa ya zama nasu.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristan Nijar ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Duk da haka ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance, kuma tana zuwa mako guda bayan bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba, wanda Zindar ta karɓi baƙuncinsa a 2006 da kuma 2018. Ga hutun makaranta, ga sanyin hunturu, ga amfanin gona ya shiga rumbu, ga raken fadamun Matamaye ya cika kasuwa. A irin wannan lokaci ne magidanci Kirista ke kai yadi wurin tela, uwargida ta ware zakara ko ɗan akuya, ranar biki kuma a cika kwanuka da shinkafa da nama a aika wa maƙwabta, kamar yadda su ma suka aiko da naman layya.

Bahaushe ma maƙirgin kwana ne

Ƙirga kwana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ana ƙirga kwanakin suna, ana ƙirga arba'in na mai jego, ana ƙirga zubin adashe. Mai sayar da fura ko ƙuli-ƙuli da ba ta yi boko ba takan ja zane a bango da gawayi domin riƙe lissafin bashi, ta goge idan an biya. Hannunta da na uwar nan ta Jamus aiki ɗaya suke yi. Watan azumi kuwa an raba shi uku a bakin jama'a: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin salla, ga kuma tashe da yara ke farawa idan azumi ya kai goma.

Sai dai akwai bambanci ɗaya da ya dace malami ya nuna wa ɗalibansa. Mai azumin Ramadan gaba yake ƙirgawa, ya ce yau an kai goma sha biyar, domin ƙarshen watan yana hannun ganin jinjirin wata, ko 29 ko 30. Mai jiran Kirsimeti kuwa baya yake ƙirgawa, ya ce saura tara, domin ranarsa a kafe take cikin shekarar rana. Da yake shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, bukukuwan biyu sukan haɗu su rabu. A 2000 azumi ya zo daidai da makonnin jira, aka yi ƙaramar salla kwana kaɗan bayan Kirsimeti. A 2015 Mauludi ya faɗo dab da ita. Bisa lissafin masana taurari kuma, ƙaramar salla za ta sake kusantarta a Disamban 2033. Darasin lissafi da na tarihi ke nan a faifai ɗaya.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba don nishaɗi kaɗai muka tono wannan tarihi ba. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Zindar, da kashegari a Yamai, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. An ƙona majami'u da dama da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Zindar, mutum goma kuma suka rasa rayukansu a garuruwan biyu bisa ƙididdigar hukuma. A cikin wannan wuta an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Wanda ya ci tuwon gidanka, ya san sunan ɗanka, ya san ranar bikinka, da wuya ya yarda a cinna wa ɗakinka wuta. Yaron da aka koya wa cewa Kirsimeti kayan Turawa ce zalla zai girma yana kallon abokin zamansa a aji kamar baƙo, alhali wataƙila kakannin yaron nan tun zamanin tashar Tsibiri suke addu'a da Hausa.

Saboda haka akwai aiki biyu. Na farko na iyaye Kirista ne, musamman masu jin nauyi don ba su iya sayen kwalin kanti ba. Tarihi yana tare da su. Zane 24 da alli a bangon zaure ya wadatar. Ana iya zuba ƙwallayen dabino 24 a ƙwarya, kullum a cire ɗaya a mayar cikin wata. Ana iya ƙulla igiyar kaba ƙulli 24 a riƙa kwancewa, ko yara su gina komi da yumɓu da karan dawa, yadda suka saba ƙera shanu da motoci, su riƙa ƙara dabba ɗaya kowace rana. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ɗaura wa kowace rana aikinta: yau haddar aya, gobe gaida tsohuwar unguwa, jibi tatsuniya a bakin wuta, gata kai wa mara lafiya kunu. Da haka jira yake zama tarbiyya, kamar yadda tsinken ciyawar nan ya kasance.

Na biyu namu ne, malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Tsofaffin da suka yi ƙuruciya a makarantun mishan na shekarun 1950 da 1960 suna ta ƙarewa, tare da abin da suka sani na yadda ake shirin biki a lokacin: wane abinci, wane wasa, wace kalma aka zaɓa a Hausa domin fassara wane abu. Mun tattara waƙoƙin tashe da na gaɗa, mun rubuta al'adun aure da na kaciya, to wannan ma reshe ne na tarihin Hausa, kuma rikoda ɗaya da littafin rubutu sun isa a fara. A aji kuma, malamin Hausa ko na Faransanci yana iya sa ɗalibai su zana kalandar shekara guda, su jera bukukuwan gari duka a kanta, kowa ya bayyana yadda ake ƙirga kwanakin nasa a gidansu. Ba a nemi kowa ya yi bikin da ba nasa ba. An nemi kawai ɗan Matamaye ya san cewa idan ya ga zanen alli a ƙofar maƙwabcinsa cikin sanyin Disamba, yaron gidan yana jiran ranarsa ne, da irin ɗokin da shi ma yake jiran tasa.