Iskokin Tudun Wadan Zariya da yadda ake hasashensu

Iskoki biyu ne ke juya yanayi a Tudun Wada, unguwar da ke tsakanin tsohon birnin Zazzau da Sabon Gari a jihar Kaduna.

Ɗaya busasshiya ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta hamadar Sahara. Ɗayar kuma mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Wadda ta rinjayi 'yar'uwarta, ita ke yanke hukuncin rani ko damina.

Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, iskar hunturu ce ke da iko. Takan zo da sanyin asuba da hazo, ta busar da fata, ta tsattsaga leɓe.

Kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da garin Faya-Largeau. Idan iska ta tsananta a can, ƙurar kan iso arewacin Najeriya cikin kwana ɗaya ko biyu.

A wannan lokaci ne gobara ke saurin bazuwa a kasuwanni, masu asma kuma ke jin jiki. Cutar sanƙarau ma tana da nasaba da bushewar iska da ƙura. Annobar shekarar 1996 ta hallaka mutane fiye da 11,000 a Najeriya, akasarinsu a arewa.

Iskar farkon damina

A watannin Afrilu da Mayu iskar teku takan fara ture ta hamada zuwa arewa. A nan ne ake samun hadari mai tafe da iska mai ƙarfi, wadda kan yaye kwanon rufi, ta karya bishiyoyi da turakun lantarki tun kafin ruwa ya sauka.

Galibi ta gabas hadarin ke haɗowa, duk da cewa laimar daga kudu maso yamma take. Dalili shi ne, a can sama, kimanin kilomita 3 daga ƙasa, akwai wata iska da ke kora gajimare daga gabas zuwa yamma.

Zariya kan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba.

Masu hasashe

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2003, ita ke da alhakin hasashe a hukumance. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina, sannan ta riƙa gargaɗi kan hazo da iska a kai a kai.

Ana auna iska da na'urar da ake kafawa mita 10 daga ƙasa, ana kuma kiranta da sunan ɓangaren da ta fito. Ma'aikata kan haɗa wannan awo da hotunan tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta.

Cibiyoyi biyu a Zariya sun dogara ƙwarai da waɗannan bayanai: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, inda hazo kan hana ɗalibai tashi, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda ke da tashar awon yanayi.

Manoma kuma na da nasu alamomin, kamar isowar shamuwa da juyawar iska.

Hasashen hazo ya fi sauƙi, tunda ana ganin tasowar ƙurar tun daga Chadi. Hadarin farkon damina kuwa kan haɗu cikin 'yan sa'o'i, ya afka wa Tudun Wada ya bar Samaru. Saboda haka lokacin gyaran rufi da sassabe rassan da suka rankwafo kan gidaje shi ne kafin Afrilu.